Daga Akwatin Rediyo Zuwa Wayar Hannu: Yadda Garin Baƙi Ya Samu Dandali

Waɗanda suka zana taswirar Abuja sun tuna da abubuwa da yawa. Sun ware wa ma'aikatu filinsu, sun ware wa jakadu unguwarsu, sun shata tituna masu faɗi, har filayen ciyawa na shan iska sun bari tsakanin unguwa da unguwa. Abin da bai shiga takarda ba shi ne dandali: ƙofar gidan da ake shimfiɗa tabarma bayan la'asar, teburin mai shayi, gindin bishiyar da dattawa ke taruwa su ji labarin duniya. Irin wannan wuri zama ne ke haifar da shi, Abuja kuwa gari ne da aka fara ginawa kafin a samo masu zama. Janar Murtala Muhammad ya sanar da kafa sabon babban birnin ranar 3 ga Fabrairun 1976, kwana goma kafin a kashe shi, bisa shawarar kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda. Tsohuwar Abuja ta ba da sunanta ta koma Suleja, aka ce wa ƙauyukan Gbagyi da dama su gusa. Sai ranar 12 ga Disambar 1991 Janar Ibrahim Babangida ya kwaso fadar gwamnati daga Legas ya tare.

Ma'aikatan farko da aka turo a zamanin Shagari yawanci gwauraye ne na dole. Iyali na Kaduna, ko Kano, ko Legas, shi maigida yana wani ɗaki a Garki ko Nyanya ko Karu, wasu ma daga Suleja suke zuwa aiki kullum. Ranar Juma'a da an sauko daga masallaci gari ya watse, ba ya sake cika sai Litinin. Mutumin da ya baro Kano ya baro sinimomi irin su Plaza da Marhaba da El Dorado, ya baro 'yan dambe da makaɗa da bukukuwan dangi, ya zo garin da ƙarfe tara na dare sai kukan gyare. Abokin hirarsa akwatin rediyo ne mai cin batir, da eriyarsa da aka ƙara wa tsawo da guntun waya. Da asuba BBC, wadda ta fara magana da Hausa tun 1957, sai Muryar Jamus, sai Muryar Amurka, sauran yini kuma Rediyon Kaduna. Shirin Zaɓi Sonka a wancan lokaci ya wuce nishaɗi, domin ta nan mutum ke jin an ambaci sunansa daga gida, ya san ba a manta da shi ba.

Bayan rediyo sai kaset. Shata da Ɗanƙwairo da Ɗanmaraya suna cikin jakar kusan duk wanda ya taho daga Arewa, tare da tafsirin Sheikh Abubakar Gumi. Har wasiƙa ake yi da kaset: tsohuwa ta zauna gaban rikoda ta gaida ɗanta, ta faɗa masa wanda ya rasu da wadda ta haihu, ta yi masa faɗan daɗewa bai zo ba, a naɗe a ba direban tasha. Talabijin kuwa NTA ce kaɗai, tana buɗewa da yamma ta rufe kafin tsakar dare, labaran ƙarfe tara su ne abin jira, sai ranar da aka dace da wasan kwaikwayon Samanja.

Tarho na gwamnati ne da manyan mutane. Kamfanin NITEL da aka kafa a 1985 shi kaɗai ke ba da layi, kuma har zuwa shekarar 2000 layukan ƙasar gaba ɗaya ba su kai rabin miliyan ba, ga al'ummar da ta haura miliyan ɗari. Akan cike takarda a jira shekaru. Wanda ke son magana da gida sai ya je ofishin NITEL ya bi layi, ko ya lallaɓi sakataren oga ya bar shi ya buga na ofis bayan an tashi, da sharaɗin akwai wani gida mai tarho a unguwarsu da za a aika yaro ya kirawo matarsa. Ana jingina wa David Mark, lokacin yana ministan sadarwa, cewa tarho ba na talaka ba ne. Shi ya sha musanta maganar, amma ta zauna a bakin mutane saboda ta dace da abin da suke gani da idonsu.

Shekarun 1990 na bidiyo ne. Dokar soja ta 1992 ta buɗe wa 'yan kasuwa ƙofar kafa rediyo da talabijin, AIT ta zo a 1996, daga baya ta kafa babbar tasharta a kan tudu a Asokoro. A Kano kuma an yi fim ɗin Turmin Danya a 1990, kafin shekara goma Sangaya da Wasila sun mamaye ɗakunan mata. Kaset ɗin da ya fito a kasuwar Ƙofar Wambai ranar Litinin, kafin ƙarshen mako yana shagon haya a Zuba da Mararaba da Dei-Dei, unguwannin da Hausawa masu sayar da dabbobi da kayan gwari da katako suka yi wa sansani. Lokacin nan iyalai sun fara tarewa. Amaryar da aka kawo Kubwa, ba uwa ba ƙanwa, maƙwabciyarta ta dama Bayarabiya ta hagu Inyamura, miji ya fita tun safe, fim ɗin Hausa shi ne danginta har magariba.

Ranar da ta sauya komai ta zo a Janairun 2001, a otal ɗin Nicon Hilton da ke Maitama. Nan Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ƙarƙashin Injiniya Ernest Ndukwe, ta yi gwanjon lasisin wayar salula. Aka yi kwanaki ana taya-taya har farashi ya tsaya a dala miliyan 285 kowane lasisi. MTN da Econet suka biya, kamfani na uku da ya ci gwanjon bai kai ga karɓar nasa ba, aka ajiye wa NITEL guda. A watan Agusta na wannan shekara aka fara sayar da layi. Layin kaɗai, ba tare da waya ba, ya haura naira dubu 20, fiye da albashin wata na ƙaramin ma'aikaci, kira kuma naira 50 kowane minti, ko da daƙiƙa biyar ka yi aka katse. Mai waya a lokacin yakan rataye ta a ƙugu inda kowa zai gani, idan ta yi ƙara a cikin taro sai ya bari ta ɗan jima kafin ya ɗauka.

Talaka bai jira farashi ya sauko ba. Cikin 'yan watanni laimomi masu launin kamfanonin waya suka tsiro a kowace kwana: bakin Kasuwar Wuse, tashar Area 1, mahaɗar Berger, ƙofar sakatariyar tarayya. Ƙarƙashin laima akwai teburin roba, kujera biyu, wayoyi biyu ko uku ɗaure da zare, da littafin rubuta lamba. Mai laima na riƙe da agogo, kai kana magana idonka na kan hannunsa, ana kai daƙiƙa hamsin da biyar ka ce "sai anjima, sai anjima" ka kashe. Gaisuwar Bahaushe mai tsawo, ina gajiya, ina iyali, ina labari, nan ta fara gajarcewa. Aka kuma koyi filashin: ka buga sau ɗaya ka katse, ma'ana na iso, ko ka kira ni, kai ne mai kuɗi. Matasa da yawa da suka gama makaranta ba aiki da wannan laima suka fara riƙe kansu. A ganina, da za a rubuta tarihin sadarwa a Abuja da adalci, mai laima ya cancanci babi guda, domin shi ya kai waya hannun mai tura baro tun kafin kamfanoni su san da zamansa.

Tsada da katsewar kira sun kai mutane bango, har ranar 19 ga Satumbar 2003 masu waya a faɗin ƙasa suka yi yajin kashe wayoyinsu. Makonni kaɗan kafin nan, a ƙarshen Agusta, Glo na Mike Adenuga ya shigo da lissafin daƙiƙa, abin da aka daɗe ana cewa ba zai yiwu ba tukuna. Kafin shekara ta ƙare sauran sun bi sahu. Daga nan layi ya yi ta araha har ya zama kusan kyauta. Econet ya yi ta sauya riga, Vmobile, Celtel, Zain, har ya tsaya a Airtel a 2010. Etisalat ya zo a 2008. Sai zamanin kiran dare na kyauta, wanda ya hana samari da 'yan mata barci, ya kuma ba malamai abin wa'azi na shekaru. Nokia mai tocila ta zama fitilar gida. Da Tecno da ire-irenta suka iso da gurbin layi biyu, sai aka huta da yawo da waya uku a aljihu saboda wannan na da sabis a ofis, wancan sai a gida. Laima ta naɗe a hankali, mai ita ya koma sayar da kati.

Waya kuwa tana lalacewa, tana tsufa, ana sha'awar sabuwa, don haka dole ta samu kasuwa. A Abuja kasuwar ta taru a Wuse 2, kan titin Aminu Kano, a Banex da Emab da benayen da ke kewaye da su. Tun daga bakin ƙofa ake tarar mutum: "Alhaji me ake nema? Sayarwa ko musaya? Hajiya kawo a sa mata gilashi." A ciki shaguna ne ƙanana jere da juna, akwatunan gilashi cike da sababbi da na hannu. Can ƙarƙashin matakala mai gyara ne a kan benci, gabansa fitila da madubin ƙara girma, da ƙarfen narka dalma, da tsohon buroshin haƙori da yake wanke cikin waya da shi, da gwangwani cike da gawarwakin wayoyin da yake ciro kayan gyara. Ba makarantar da ta koya masa. Yaron shago ya yi shekaru yana kallon hannun ubangidansa, yau kuma idan sabon samfuri ya gagare shi sai ya buɗe YouTube ya ga yadda wani a Indiya ko Sin ya kwance irinta. Inyamuri ke shigo da kaya, Bahaushe ke dillanci da musaya, kowa na jin yaren kowa daidai na ciniki. A watan Mayun 2024 rikici ya ɓarke a Banex tsakanin 'yan kasuwa da sojoji kan cinikin waya, sojoji suka rufe wurin na kwanaki, sai ga manyan gari suna neman inda za a canza musu allon waya.

Ɗaya abin da ya tara mutanen Abuja wuri guda shi ne ƙwallon Turai. MultiChoice ya shigo Nijeriya a 1993, amma farantin tauraron ɗan'adam ya daɗe yana kan rufin Maitama da Asokoro kawai. Da Nwankwo Kanu ya koma Arsenal a 1999, Mikel Obi kuma ya je Chelsea a 2006, sai kowane yaro ya zaɓi ƙungiya, gidajen kallo suka cika bayan gari. Rumfa ce ta kwano ko ta buhu, benci jere, talabijin biyu ko uku a sama cikin kejin ƙarfe, allo a waje an rubuta wasannin yau da alli, yaro a bakin ƙofa yana karɓar kuɗi, janareta na ruri a baya. Zafi kamar gidan burodi, amma ba mai fita. Idan inji ya mutu ana shirin bugun fenareti, mai gidan kallo ya san yau sai Allah. A nan ɗan acaɓa da ma'aikacin banki ke zama benci ɗaya su yi musu ba girma ba ƙanƙanta. A cikin gari kuma filayen ciyawan nan da masu taswira suka bari su ne suka koma lambuna, ana gasa kifi, an kafa babban allo. Gidajen sinima na zamani sun zo daga baya, a Ceddi Plaza da Silverbird da Jabi, amma kuɗin shiga da na mota ya sa sun zama na masu hali da na ranar Sallah.

An yi ƙoƙarin karya kasuwar MultiChoice daga cikin gida. HiTV ta ƙwace haƙƙin nuna gasar Ingila a 2007, ba ta kai shekara biyar ba ta rushe. TSTV ta yi bikin buɗewa a Abuja ranar 1 ga Oktobar 2017 da alkawarin a biya daidai abin da aka kalla, mutane suka yi ta ɗoki, abin bai yi nisa ba. Waɗanda suka shiga ɗakin talaka da gaske su ne StarTimes, haɗin gwiwar kamfanin Sin da NTA, da ta fara a 2010, da GOtv a 2011, masu dikoda da eriyar da ake ɗaurawa a kan gora. Ta irin waɗannan ne Arewa24, da ta fara a 2014, ta shiga gidaje da Daɗin Kowa da Kwana Casa'in.

Shekarar 2014 ta zo wa wannan sha'ani da baƙin ciki. A watan Afrilu bam ya tashi a tashar Nyanya ya kashe mutum fiye da 70. A watan Yuni, ana gasar cin kofin duniya, aka kai hari gidan kallo a Damaturu. Sai ranar 25 ga Yuni bam ya tashi a Emab da yamma, ana sauran kamar awa guda Nijeriya ta kara da Ajantina, ya kashe fiye da mutum 20. Ahmed Musa ya ci ƙwallo biyu a wasan, amma a Wuse ranar ba wanda ya yi murna. An daɗe iyaye na hana yara zuwa gidan kallo, aka fara laluben jiki a ƙofa, wasu suka gwammace su matsa su sayi dikoda su zauna gida.

Duk wannan labari yana rataye ne a kan wutar lantarki. NEPA ta koma PHCN a 2005, a 2013 aka miƙa rarraba wutar Abuja ga AEDC, amma yara har gobe "Nepa" suke ihu idan an kawo. Rashin wuta ya haifi nasa sana'o'in. Ƙaramin janareta ya shiga kusan kowane gidan haya, sai shagon caji: katako mai soket hamsin ko ɗari, kowace waya an manna mata lamba, mai ita ya tafi da rabin katin. Ko a zaɓen waya, mutumin Mararaba batir yake fara tambaya kafin kyamara. Bayan cire tallafin mai a Mayun 2023, da ƙarin kuɗin wuta na Afrilun 2024 da ya kai naira 225 kan kowane ma'auni ga rukunin da ya fi samun wuta, janareta ya yi shiru a gidaje da yawa, faifan sola ya hau rufi.

Shagon caji shi ya zama shagon tura fim. Da wayoyi masu babban allo suka yi araha, faifan sidi ya mutu, kasuwar fim ta Kano ta girgiza, sai ga matashi da kwamfuta a kan tebur yana zuba wa mutane finafinai a memori: na Hausa, na Indiya da aka yi wa fassarar Algaita, waƙoƙi, tafsirin Sheikh Ja'afar. Wanda ya saya ya tura wa abokai goma ta Xender ba tare da kobo ba. Masu shirya fim suka yi kuka har suka gaji, daga bisani suka koma shiri mai dogon zango a talabijin da YouTube. A 2020, shekarar da aka kulle Abuja daga 30 ga Maris saboda korona, Labarina na Aminu Saira da Izzar So suka samu masu kallo da ke zaune a gida ba wurin zuwa. Kafin nan an yi yayin BlackBerry da 2go, an wuce su, Facebook da WhatsApp suka zauna, TikTok ya biyo baya. Kowane ƙauye da ke da 'ya'ya a Abuja yana da zaurensa a WhatsApp, nan ake sanar da rasuwa, a tara gudummawar biki, a yi faɗan siyasa. Cunkoson safe daga Mararaba zuwa AYA, wanda kan cinye awa biyu, ya zama lokacin kallo: direba na sauraron shirin Brekete na Ahmed Isah a rediyo, fasinjoji kowa ya sunkuya kan tafin hannunsa.

Gwamnati, wadda ke zaune a tsakiyar garin, takan zo ne a makare ko ta zo da hani. Tauraron NigComSat-1 da aka harba a 2007 ya daina aiki a 2008, sai a 2011 aka maye gurbinsa. An yi bikin komawa talabijin na dijital a kan dutsen Mpape a Disambar 2016, aka raba akwatunan FreeTV, alhali idon matasa ya riga ya koma waya. A Disambar 2020, zamanin minista Isa Ali Pantami, aka ce kowa ya haɗa layinsa da lambar ɗan ƙasa, mutane suka kwana a layi. A Yunin 2021 aka dakatar da Twitter, yaran Banex suka samu sabuwar sana'ar saka wa mutane manhajar zagaye shinge, har aka ɗage hanin a Janairun 2022. Ƙarancin takardar kuɗi na farkon 2023 kuwa ya yi abin da shekarun wayar da kai ba su yi ba: mai shayi da mai nama da mai kayan miya duk suka buɗe asusu a OPay da Moniepoint, "ka ga alat?" ta shiga cikin ciniki. Laimar da ta naɗe shekarun baya ta sake buɗewa a kwanar da take, wannan karon da na'urar POS a kan teburin.

NITEL kuwa, bayan an yi ta neman mai saye ana fasawa, an sayar da kadarorinsa, ya dawo a 2016 da sunan ntel, a kasuwar da ta riga ta cika. A Janairun 2025 NCC ta amince wa kamfanoni su ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin ɗari. Tun daga nan masu tura fim a Mararaba da Zuba suka sake ganin ciniki, domin sauke kashi ɗaya na shiri mai dogon zango da datarka ya fi tsadar abin da za ka ba su su zuba maka. Ɗalibai kuma sun koma jiran tsakar dare, lokacin data mai araha, kamar yadda yayyensu suka jira kiran kyauta shekara ashirin da suka wuce.